Bangon da Ba a Yaɓe Ba

Saniya ta bakwai ta faɗi ne da hantsi, a bakin komin ruwa. Idanunta sun yi fari fat, majina na dalala daga hancinta, tana jan numfashi da baki. Ba wanda ya tsaya tambayar ko wace cuta ce. Duk wanda aka haifa a ƙasar Simanjiro ya san ciwon nyumbu, wato shanun dajin ƙasar, ya kuma san ba shi da magani.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ta inda ciwon ya hau tudu. Kowace shekara, da ruwan farko ya sauka, nyumbu kan baro dajin kogi su cika fili, dubu kan dubu, da gemunsu da ƙahonsu da gurnaninsu, jakunan dawa na gaba, su zo su haihu a kan ciyawar da ta fi kowace ciyawa. Su kuma masu shanu sai su kwashe kayansu su hau tudu har wata uku, domin saniyar da ta yi kiwo inda nyumbu ta haihu, tata ta ƙare. Haka kakanni suka yi, haka aka yi bana. Tafiyar rabin wuni ce tsakanin rugar tudu da wurin haihuwar. Amma ga shanun Ole Sankale, mutumin da ya fi kowa garke, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata mata ta hango gashi maƙale a ƙayar shinge, daf da komin, ta cikin ruga. Gashi mai laushi, mai launin busasshiyar ciyawa. Gashin ɗan nyumbu.

"Kawo shi aka yi!" in ji Ole Sankale, yana kaɗa izgarsa a sama. "Wani ne ya ɗebo ya watsa wa shanuna!"

To, ku ji yadda maza ke bincike idan an bar su da kansu. Ba su dubi ƙasa ba, ba su tambayi kowa ba. Suka juya suka kalli ɗakin Koko Nalotuesha, tsohuwar da ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji, sai awaki huɗu da jaki guda da bakin da ba ya tsoron kowa. Laifinta biyu. An ga ta gangara fili da jakinta. An kuma ji ta gaya wa Ole Sankale a gaban jama'a cewa Enkai, Ubangiji, zai nuna masa ranar da zai nemi nono ya rasa.

Maza huɗu suka shiga neman jakar gashi. Ɗakin da ta gina da hannunta, ta kafa itace, ta yaɓe da kashin shanu da laka, suka bi shi da kulake, bango huɗu, har sai da ya zama haƙarƙari tsirara. Ole Sankale da kansa ya fasa na gabas. Abin da suka samu: taba, kanwa, da tsohuwar gora.

"Ta ɓoye a wani wuri ne," suka ce. Kunya ma ba su ji ba.

Koinet, shugaban dattawa, ya ce nan da kwana uku za a zauna a gindin itace. In ba a sami wani mai laifin ba, za a raka Nalotuesha bakin shinge da jakinta, a ja ƙaya a bayanta. Tsohuwa mai shekara saba'in, a tsakiyar damina, a dajin da kura ta ƙoshi da nama har ta daina gudun mutum.

"A kira mini Mepukori," in ji ta.

Aka yi dariya. "Ɗan Dorobo zai yi wa masu shanu shari'a?"

"Ai shi da ido yake gani. Ku da kulki."

* * *

Mepukori ya iso da azahar, ɗan siririn tsoho mai warin hayaƙi da zuma. Mutanensa, Dorobo, maharba ne, ba su da garke, don haka a ruga ba a ɗauke shi cikakken mutum ba. In saniya ta ɓace a aika masa, in ya samo ta a miƙa masa nono a bakin shinge kamar kare. Saniya ɗaya tak yake da ita a duniya, ita ma wata mata ce, Sianto, ta ba shi, shekarar da ya bi sawun garken mijinta kwana shida ya dawo da shi. Tun ranar suke kiran juna Pakiteng, kamar yadda duk mutum biyun da saniya ta shiga tsakaninsu ke yi. Ban da ita, ba mai kiransa da suna mai daɗi a rugar nan.

Ya tarar da Nalotuesha zaune cikin kwarangwal ɗin ɗakinta tana shaƙar taba.

"Koko, an buɗe miki tagogi."

"Shigo ta duk inda ka ga dama, ɓarawon zuma. Yau ko'ina ƙofa ce."

Ya tsuguna. "Kin gangara fili?"

"Na gangara. Kanwa na je tona. Ko tabar ma sai na nemi izinin Ole Sankale?"

"Kin yi masa baki?"

"Na yi, kuma in ya zo yanzu zan ƙara."

"A kan me?"

"A kan nono." Ta tsirtar da yawu gefe. "Ai ka san 'yar Sianto ta rasu wurin haihuwa, ta bar jaririya. Mijin Sianto ya daɗe a ƙasa, fari ya cinye garken. Ta je wurin wannan ƙaton ta roƙi aron saniyar tatsa, abin da tun kaka da kakanni ba a hana maraya. Ya ce ba shi da ita. Shanu ɗari biyu, wai ba shi da ita! Ni kuwa awakina sun ƙafe, abin da nake da shi bakina ne, shi na ba da."

"Jaririyar fa?"

"Tana nan ɓul-ɓul. Jar saniyar Sianto ta haihu, Enkai ya rufa asiri." Ta dube shi. "Kai, Mepukori, ba mutuwa nake tsoro ba. Abin da ba na so, a riƙa ce wa yara, 'Kun ga nan? Nan ne ɗakin mayyar da ta kashe shanu.' Wannan ne ba zan haɗiye ba."

* * *

Da gari ya waye ya gangara. Ruwa ya riga ya wanke sawun jakin, amma a fadamar kanwa ya sami ramin da ta tona da guntun sandar tononta. Ƙasar wurin fara ce, ba ciyawa, nyumbu ba ta haihuwa a irinta. Sai dai hanyar ta bi ta gefen fili. Wanda ya so ɗibar gashi zai iya. Wannan bai wanke ta ba, bai kuma kama ta ba.

Ya hau wani suri ya zauna yana kallo. Fili ya yi baƙi har inda ido ya ƙare. Ƙanana suna tsalle a gindin iyayensu, waɗanda aka haifa da safen nan har sun iya gudu. Ungulaye na jewa, dila na sanɗa. Can sai ga wani ɗan nyumbu shi kaɗai, cibiyarsa ba ta bushe ba, yana kuka yana bin kowace uwa, kowacce na tunkuɗe shi. Nyumbu ba ta shayar da ɗan wata. Da ya gaji, sai ya nufo surin ya tsaya a gaban Mepukori yana kallonsa.

"Ba ni ba ne, ɗan talaka," in ji Mepukori. "Ni ma ba ni da nono."

Ya tashi, ɗan ya bi shi. Ya tsaya, ya tsaya. Sai da ya haye wata itaciya ya yi shiru kafin ɗan ya hango wani jakin dawa ya koma binsa.

Yana saukowa ya ji ƙugin babur. Tipape ne, surukin Ole Sankale, wanda kullum yake ratsa filin da jarkokin nono zuwa gari. Su ma mutanen ruga sun fara raɗa sunansa, tunda ba mai shiga cikin nyumbu kamarsa.

"Kaka, me ka rasa a kan itace? Zuma ko hankali?"

"Tsaya in duba dokin ƙarfenka."

Ya bi tayoyin da yatsa, ya shinshina jarkokin, ya kwance buhun da ke baya. Laka, ƙura, ciyawa. Ba gashi.

"Ni fa a bakin kwari nake ajiye shi, ba ya shiga ruga," in ji Tipape. "Tsohon ya ce ƙararsa na hana shanu ba da nono. Kuma ni in kashe masa shanu in kai wa baƙi me? Ruwa?"

"Waɗanne baƙi?"

"Masu zuwa kallon nyumbu mana. Sun cika masaukai, kowa da tabarau. Duk ɗigon nonon tsohon can yake tafiya. Mu muna gudun dabba, su suna ƙetaro teku don su gan ta."

"A wata biyun nan, wa ka gani a hanyar nan ban da Koko?"

Tipape ya sosa ƙeya. "Masu itace. Wani mai neman jaki. Sai Sianto, tun farkon haihuwar nyumbu, daga nesa na hango ta tana koro jar saniyarta zuwa tudu, ɗan maraƙin na biye. Ban ma tsaya ba."

"Maraƙin na biye?"

"Da gudunsa ma."

Babur ya wuce. Mepukori ya daɗe a tsaye. Shi ba mai shanu ba ne, amma ya san abin da ko 'yar shekara biyar ta sani a ruga: sabon maraƙi ba ya fita. A cikin ɗaki ake ajiye shi, a ɗan lungunsa kusa da murhu, sai lokacin tatsa a fito da shi. Wace mace ce za ta gangara fili da sabon maraƙi?

Ya koma tudu a hankali, kamar mai ciwon ƙafa.

* * *

Rana ta uku da safe, bayan shanu sun fita, ya je wurin ƙayar. Sauran gashin na nan. Ya gwada tsayinsa da ƙafarsa: bai kai gwiwa ba. Wanda ya zo watsa mugun abu a ruwa yake watsawa, ko a ciyawa, ba ya tsugunawa ya saƙala shi a ƙaya sili-sili. Kuma duk silin gefe ɗaya suka kwanta. Abu mai rai ne ya goga jikinsa ya wuce.

Ya tsince su ya jera a tafin hannu. Gajerun gashin ƙafa. Baƙin gashin fuska. Na gadon baya, wanda ya fi yawa, ya fi saurin zuba, ko ɗaya babu.

Gaban komin shanu sun tattake, ba abin karantawa. Sai ya kwanta rubda ciki ya leƙa ƙarƙashin ƙayar, inda babbar dabba ba ta iya sa ƙafa. A cikin laka, ga sawu uku. Sawun maraƙi zagaye yake, bakinsa a dakushe. Waɗannan sirara ne, bakinsu da tsini, kuma sun nutse ta gaba, irin na dabbar da aka haifa don gudu. Kusa da su, sawun takalmin taya, ƙafar mace, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ya san wannan dunduniyar. Shi ya yanka mata takalmin.

Ya miƙe. Ba kowa a kusa. Ya ɗaga ƙafarsa a kan sawun. Taku ɗaya, shi ke nan, ƙasa ta yi shiru har abada. Zai ce ruwa ya wanke komai, ba mai tuhumarsa, ai dama ba wanda ya sa rai ɗan Dorobo zai gano wani abu.

Sai ya ɗaga kai. Ta tsakanin itatuwan ɗakinta ya hango Nalotuesha tana ɗaure tukunya da gora a cikin fata. Ta fara haɗa kaya.

Ya sauke ƙafarsa a gefe. Ya karyo reshen ƙaya ya rufe sawun.

* * *

Ya jira har shanu suka dawo da yamma. Ɗakin Sianto na can ƙarshen ruga, ta kuma kewaye bayansa da ƙaya mai tsawo, wai don iska. Ya sunkuya ya shiga ta 'yar kafar.

Tana tsugune tana tatsa cikin gora, jaririya goye a bayanta. Jar saniyar na lasar bayan maraƙinta. Bayan ja ne, irin na uwar. Amma ƙafafun da ke ƙarƙashin jan bayan dogaye ne sirara, fuskar baƙa, kuma igiyar fata ta bi ta ƙirji da ciki ta ɗaure.

Sianto ba ta tashi ba. Ba ta ma daina tatsa ba.

"Pakiteng," ta ce, "na san kai za ka zo."

"Pakiteng. Wannan wane irin maraƙi ne?"

"Wanda ya raya mini jika."

Ya zauna a ƙasa. Ita kuwa ta yi ta magana da fuskarta a jikin saniyar.

"Kwanansa uku ya mutu. Ita kuma ka san halinta, in ba ta ga ɗanta ba, ɗigo ba ta bayarwa. Na feɗe shi, na cusa wa fatar ciyawa kamar yadda ake yi, na shafa gishiri na ajiye mata. Ta shinshina sau ɗaya ta sa ƙafa ta ture. Wannan ba a ruɗinta da ciyawa. Kwana biyu yarinyar nan tana tsotsar yatsana, har kukan ya daina fita. Na je wurin Ole Sankale. Ka ji abin da ya ce. Da na dawo, saniyar ta ɓalle ta gangara neman ɗanta. Na bi ta, na same ta a gefen fili. Muna juyowa sai ga wannan a bayanmu. Na jefe shi da dutse, Pakiteng, na rantse da Enkai na jefe shi. Ya ƙi komawa. Sai na tuna fatar."

"Kin san ciwon."

"Na sani! Ashe ni baƙuwa ce? Amma me iyayenmu suka ce? A mabiyiya ciwon yake, da gashin da suke zubarwa a ciyawa. Na wanke shi da toka sau uku. Na rufe bayansa da fata, gashin ma bai sami inda zai zuba ba. Na ce na toshe kowace ƙofa."

"Mai allurar shanu ya taɓa gaya mini ba nan kaɗai yake ba. Ya ce a hancinsu yake, a majina da numfashi."

Hannunta ya tsaya. "Da tsakar rana nake kai shi komin, in ba kowa. Ya sa hancinsa ya sha."

Jaririyar ta motsa, ta jijjiga ta. Mepukori ya dubi jar saniyar. Hawaye na bin gefen idonta na dama, ƙwayar ta fara yin hazo. Sianto ta ga inda yake kallo.

"Tun jiya," ta ce.

"Da aka rushe wa Koko ɗaki kina ina?"

"A nan. Na toshe kunnuwana. Ita da ta yi faɗa saboda ni." Ta ci gaba da tatsa. "In na faɗa za su yanka shi, nonon ya tsaya. Kullum sai in ce bari yarinyar ta ƙara kwana ɗaya. Za ka faɗa?"

"Gobe zan faɗi abin da ƙasa ta gaya mini. Ƙasa ba ta kira suna ba, ni ma ba zan kira ba. Amma za su ce a nuna musu takalmi." Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. "Saniyar da kika ba ni tana da ciki, sai nan da wata biyu. Da ta haihu, da tuni na koro miki ita."

* * *

Aka taru a gindin itace da safe. Dattawa a inuwa, mata a rana, kamar kullum. Nalotuesha ta zo da jakinta a ɗaure da kaya, don ta ce ba za ta ba su daɗin kallonta tana haɗawa ba. An kira Tipape, an kira matar da ta ga gashin. Mepukori ya tsaya a bakin inuwar, ba wanda ya matsa masa.

"To, ɗan Dorobo," in ji Ole Sankale, "ka shinshino mana?"

"Na shinshino. Amma tukuna, wannan izgar da ke hannunka, wutsiyar mece ce?"

"Nyumbu. Sai me?"

"Ba komai. Na ga ana rushe ɗaki don neman gashin nyumbu, na ce ko naka za a fara."

Mata suka tuntsire da dariya. Koinet ya buga sandarsa.

Mepukori ya buɗe ganye ya nuna gashin. Ya faɗi tsayinsa a ƙaya, ya faɗi yadda ya kwanta. Ya ce babur ba ya shiga ruga, jaki ba ya ɗauko numfashi a jaka. Sannan ya ja dattawan zuwa komin, ya ɗage reshen, ya sa su suka durƙusa da manyan cikkunansu suka leƙa.

"Ɗan nyumbu mai rai," in ji Koinet a hankali. "A cikin rugarmu."

"Wata biyu yana nan. Kowa ya wuce shi."

"Ƙarya ne! Makafi ne mu?" in ji Ole Sankale.

"Kun duba bayansa ne. Bayansa na maraƙi ne."

Duk macen da ke wurin ta gane a take, don ba wadda ba ta taɓa feɗe mataccen maraƙi don ta ruɗi uwarsa ba. Mazan ne suka tsaya kallon juna.

"Sawun takalmin wace ce?" in ji Koinet.

"A kawo takalman mata duka!" in ji Ole Sankale.

"Ba sai an kawo ba."

Sianto ce. Ta fito daga bayan ɗakinta, jaririya a baya, ɗanyar ciyawa a damƙe a hannun dama kamar yadda mai neman a saurare shi ke yi. Ba ta ja igiya ba, ɗan nyumbun da kansa yake binta, jar fatar na karkace a bayansa don ya yi mata girma. Ta tsaya a tsakiya ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta yi kuka ba.

Ole Sankale ya zaburo da kulki. "Shanuna bakwai!"

Nalotuesha ce ta shiga tsakani. Wannan tsohuwar da aka zo kora.

"Taɓa ta ka gani, tulun nono! Ɗaya aka roƙe ka. Ɗaya, aro, ba kyauta ba. Ka ce babu, ka loda wa babur ka kai wa masu tabarau. Mace ta rasa nono a tsakiyar shanu ɗari biyu har sai da dabbar daji ta taimake ta. Ba ka ji kunya ba?" Sannan ta juya wa Sianto. "Ke kuma, sakarya, da kin zo kin raɗa mini, da mun san yadda muka yi. Kin bari sun mayar mini da ɗaki rariya. Zan daɗe ban huce ba. Miƙo yarinyar, rana ta dake ta."

Dattawa suka koma inuwa suka daɗe suna magana. Koinet ya yanke: bakwai sun tafi, kuma da hannu biyu aka kashe su, na wadda ta ɓoye da na wanda ya hana. Ba za a kori kowa ba. A ƙona komin, a sassaƙa sabo. Sianto ba za ta sake tatsa a asirce ba, a rushe ƙayar bayan ɗakinta. Ole Sankale ya ba da saniyar tatsa kafin rana ta faɗi.

"Ke fa, Koko? Me zai sanyaya miki rai? Tunkiya?"

"Riƙe tunkiyarka. Maza huɗu suka fasa mini bango huɗu. Kowa ya zo ya kwaɓa kashin shanu da hannunsa ya yaɓe nasa, da rana tsaka, mata na kallo."

"Haba Koko, wannan aikin mata ne."

"Rushewa fa, aikin wa?"

Koinet ya ce haka za a yi.

* * *

Samari sun so yanka ɗan nyumbun. Mepukori ya ce a bar masa, ladansa ke nan. Ya yanke igiyar, fatar ta faɗi. Jar saniyar ta matso da idonta mai hazo, ta shinshina bayan da ta yi wata biyu tana lasa, ta ja da baya. Sai ta koma kan fatar da ke ƙasa ta ci gaba da lasa. Kwana huɗu ta ƙara a duniya.

Shi kuwa Mepukori ya kama hanyar gangare, ɗan na biye. Ya riga ya iya cin ciyawa. Suka isa fili daidai lokacin da nyumbu suka fara juya kai, jeri-jeri, za su koma dajin kogi. Ya haye itaciya ya yi shiru har ɗan ya gaji da jira ya bi ƙurar. Ko ya kai, ko kura ta tare shi, Mepukori ya ce bai bi sawun ba, kuma ba zai bi ba. Da ya dawo, Sianto ta fito da gora ta ce, "Shigo ciki ka sha, Pakiteng." Ya shiga.

Maza uku sun zo sun yaɓe nasu, kai a sunkuye, mata na yi musu guɗa suna gyara musu hannu. Saniyar tatsa ma an aiko, Tipape ne ya koro ta. Amma Ole Sankale bai zo ba. Ya aiko matansa da kwaɓaɓɓiyar laka, Nalotuesha ta kora su. Ya aiko tunkiya, ta mayar. Ya ce ƙafa ke damunsa. Ƙafar da ta kai shi kasuwa ranar.

Nyumbu sun tafi sun dawo, sun sake tafiya sun sake dawowa. Jaririyar nan yanzu da ƙafarta take bin awaki. Bangon gabas yana nan yadda ya bar shi, itace tsirara. Tsohuwa ta rataya fatar jar saniyar tana tare iska, tana tari duk damina, ta kuma ce wanda ya sa wa wurin laka ba shi ba, za ta kankare da farcenta. Dattawan da suka yanke hukuncin kullum ta gabansa suke wucewa, su kau da kai.

To, ku da kuka iya karanta takarda, in hanya ta bi da ku ta rugar tudu, ku tambayi Ole Sankale, ba ya ɓuya, shi ne mai izga. Ku gaya masa kashin shanu na nan, a garkensa ma ya fi yawa. Ruwa na cikin tulu. Ita kuma tana zaune a bakin ɓarakar tun safe, tana kallon ƙofarsa.